Jan Roba-Roba a Ragar Gola

Jama'a, ina neman a yi mini adalci. Tun da abin nan ya faru ba wanda ya tambaye ni yadda aka yi. Kowa sai ya zaro waya ya nuna wa na kusa da shi, su dube ni, su dubi wayar, su kwashe da dariya. To yau ni ma zan faɗi nawa, wanda ya ga ƙarya a ciki ya same ni a shago.

Ni mai hoto ne, kuma ba irin na yanzu ba masu danna waya su ce sun yi aiki. A unguwa Darakta ake ce mini. Ni na raɗa wa kaina sunan, amma ai ya bi ni. Ni nake ɗaukar hoton 'yan ajin ƙarshe na babbar makarantar da ke bayan kasuwa, tun wasu malaman wurin suna ɗalibai. Wannan aikin shi ke riƙe da shagona, domin kowane yaro sai ya karɓi nasa, iyaye kuma su biyo ni da sauran hidimominsu. In ya suɓuce mini, sai dai in zauna jiran masu hoton fasfo.

Bara tsohon babur ɗina ya ci amanata a hanya. Kafin in turo shi in iso rana ta take, yara duk suka fito a hoto ido a runtse kamar an ba su lemon tsami. Shugabar makarantar, wata mata ce da ba wanda ya taɓa ganin haƙoranta, ta sa aka kira ni ofis bana tun kafin lokaci.

Ta ce, "Mai hoto, ranar hoto in aka kaɗa ƙararrawar shiga aji ba ka cikin filin nan, aikin ya koma hannun Mai Jirgi."

Mai Jirgi wani ne da ya buɗe shago a bakin titi, yana da ɗan jirgi mai kyamara da ke tashi sama yana ƙugi kamar zanzaro. Mutumin da bai san yadda ake gyara wa yaro kwala ba, wai shi zai gaje ni.

Da na kai labari gida, Maman yara ta ajiye tsintsiya ta ce, "To a sayi sabon babur. Amma ka ji ni da kyau, Baban yara. Mai dogon sirdi, mai kariyar ɗaura kaya a baya. Wanda zai ɗauke ka, ya ɗauki kayanka, ran da ta kama ya ɗauke ni."

Na ce, "Ke da wa kike magana? Tun ba ki iya ɗaura kallabi ba nake hawan babur."

Ta ce, "Shi ya sa nake maimaitawa."

A wurin dillali na tarar da su biyu a jere. Na farko baƙi ne, dogo, mai kariyar ƙarfe, irin wanda kowa ke zuwa aiki a kansa. Ba shi da laifi, sai dai ba shi da fara'a. Na biyun kuwa, Allah ya yi halitta a hannun maƙera! Ɗan roba-roba ne ja wur, hanci a tsuke, fitilu a lumshe kamar idon kyanwa, gindi a ɗage, tayoyi 'yan ƙanana. Yana tsaye amma sai ka rantse gudu yake.

Wani zai tsaya tambayar shan mai da ƙarfin inji. Ni mai sana'a ne, ido nake bi. Na cire kyamara daga wuya na miƙa wa dillali na ce ya ɗauke ni a kan kowanne. A kan baƙin na fito kamar wanda aka aika kai takardar sammaci. A kan jan kuwa, da na ɗan karkata hula na ɗora ƙafa ɗaya, sai ga shekaru sun zube daga fuskata.

Dillali ya leƙa ya ce, "Kai, Darakta! Wannan ƙaninka ne?"

Na ce, "A kawo makulli."

Ya ce, "Amma tsaya in gaya maka. Wannan ba giya, ba kuloci. Murɗa totur kawai ka tafi. Abin matsawar hannun hagu birki ne, ba kuloci ba. A ƙafa kuma ba komai, wurin ajiye takalmi ne. In ka ga bai yi maka ba, ka dawo da shi ba ƙwarzane in musanya maka da baƙin."

Na ce, "Yaro, kana koya wa mai hoto buɗe ido ne?"

Har na iso layinmu lafiya lau, domin hanya a miƙe take. Shagona yana manne da na mai aski, abokin faɗana tun muna samari, kuma bencinsa ba ya rabuwa da 'yan zaman kashe wando. Da na hango su sai na ce bari in ƙara giya su ji kukan sabon abu. Hannuna na hagu, wanda ya shekara da shekaru yana matsa kuloci ba tare da ya yi shawara da ni ba, ya damƙe ƙarfen nan iya ƙarfinsa.

Babur ya tsaya cak. Ni ban tsaya ba. Sai da haɓata ta gaisa da agogon gudu.

Mai aski ya fito da almakashi a hannu. "Darakta, sumbatar sa kake tun a titi? Ka bari ku shiga gida mana."

Na gyara hula na ce, "Gwada birki nake. Wanda ya san babur da birki yake farawa."

"Ya ci jarrabawa. Wannan na Maman yara ne ka kawo mata?"

"Nawa ne."

"To ina sauransa?"

Benci ya ɗauki dariya. Wani tsoho da aka aske wa rabin kai ya taso da ƙyalle a wuya, ya zagaya babur ɗin, ya ƙwanƙwasa gefensa da yatsa ya ce jikarsa tana da bokiti irin wannan. Na murɗa totur na wuce abina. Hassada ba sabon abu ba ce a wurina, da ita na girma.

A gida Maman yara ta daɗe tana kallon babur ɗin, hannu a ƙugu.

"Ina kariyar?"

Na ɗaga sirdi na nuna mata akwatin da ke ƙasa. "Kariyar zamani a ciki take."

Ta leƙa. "Wannan ko kwanon abincinka ba zai shiga da murfi ba. Ni kuma a ina zan zauna?"

Na nuna mata ɗan tudun da ke baya. Ta tattara zani ta hau. Wurin a karkace yake, ga santsin sabuwar leda, sai ta sulalo ta danne ni, na danne kan babur, oda ta ɗauki ƙara ba ƙaƙƙautawa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga tana tambaya ko gobara ce.

Maman yara ta sauka ta kakkaɓe jiki. "Ka mayar ka karɓo baƙin tun bai ƙwarzane ba."

Na ce, "Bayan ranar hoto. Ina so Shugaba ta ga da wa take hulɗa. Mai Jirgi yana da abin tashi sama, ni ina da abin tashi a ƙasa."

Ta ce, "Allah ya sa a ƙasan za ka tsaya."

Ranar hoto na tashi da wuri, na sa farar shadda mai aiki a wuya, na fito da kaya tsakar gida. Ga jakar fitilu, ga ƙafar kyamara mai ƙafa uku, ga laimar haske, ga kuma babban labulena, wanda nake kafawa a bayan yara in za a yi hoton ɗai-ɗai. An zana teku da jirgin ruwa a jikinsa, a naɗe yake a kan sandar da ta fi ni tsawo. A tsohon babur ɗina duk wannan kariya ke shanyewa da igiyar roba ɗaya.

Akwatin ƙasan sirdi ya karɓi tsumman goge gilashi, ya ce ya ƙoshi.

Jakar fitilu na cusa tsakanin ƙafafuna, har gwiwoyina suka buɗe kamar na mai daka. Ƙafar kyamara da laima na ɗaure a cinya. Kyamara a wuya, wannan ba na ba kowa. Saura labule. Na fara ɗora shi a gicciye, na nufi ƙofa, sandar ta tokare bango hagu da dama, na dawo baya ba shiri.

Maman yara tana zaune a kan turmi tana kallo. "In kira mai aski? Jiya ya sayo baƙin nan da ka raina. Kariyarsa har kujerar aski ta ɗauka."

Wannan labari ya sosa mini rai, amma na daure. "Ko a kafaɗa zan ɗauki kayan nan ba zan hau bayan mai aski ba. Zo ki ɗaura mini sandar a baya, a tsaye."

"A tsaye?"

"A tsaye. Sama ai ba ta da bango."

Ta ɗaure ta da tsohon ɗankwalinta, ta zagayo ƙirjina ta ƙulle tamau. Na sunkuya na fita daga ƙofa, na miƙe a titi da sanda a bayana ta yi sama kamar eriyar gidan rediyo.

Sama ba ta da bango, gaskiya ne, amma tana da igiyar shanya. Mai aski ya saba shanya tawul ɗinsa a igiyar da ya ja daga shagonsa zuwa falwaya. Ina wucewa na ji fizga, na waiwaya, sai ga tawul ɗinsa mai ratsi yana kaɗawa a ƙolin sandata.

Ya fito da gudu. "Ɓarawo! Darakta, tawul ɗina!"

Na ce, "Ka zo makaranta ka karɓa!"

Hanyar bayan kasuwa kuwa ramuka ne da 'yan tsibirai na kwalta. Tsohon babur ɗina da manyan tayoyinsa ko a jikinsa. Wannan kuwa kowane rami sai ya shiga ya gaisa da na ciki kafin ya fito. Haƙorana suna kaɗawa, fitilu suna kuka a jaka, cikin babur yana gurzar kowane tudun rage gudu. Masu shaguna suka fito suna nuna ni. Wata mai sayar da kwanuka ta ɗaga murya ta ce, "Malam, tallan me ake yi?" Wani direban bas ya jera da ni ya ce, "Alhaji, wace ƙasa ce mai wannan tuta?" Na ɗaga kai ban kula su ba. Manyan mutane ba sa hira a kan hanya.

Duk da haka, ku rubuta wannan ku ajiye: na iso da wuri. Na shiga ƙofar makaranta ba a kaɗa ƙararrawa ba.

An riga an jera yara a tsakiyar filin ƙwallo yadda na saba tsara su, na baya a kan benci, na tsakiya a tsaye, na gaba a durƙushe, duk suna fuskantar ragar gola ta gabas don haske ya sauka a fuskokinsu. Malamai suna kan kujeru a gaba, Shugaba a tsakiya da tabarau, fuska kamar an ƙulle ta da kwaɗo. A gefe kuma ga Mai Jirgi, wanda ba wanda ya gayyata, ya riga ya tashi zanzaronsa yana shawagi, yana jiran ƙararrawa ta ba shi gadona.

Na tsaya a bakin fili. Da na sauka a nan na turo shi, da yanzu ba ku san labarin nan ba. Amma duk wanda ya tashi da babur mai giya ya san yadda ake sallama in an iso wurin taro: ka matse kuloci, ka murɗa totur sau biyu ko uku, inji ya yi ruri, jama'a su waiwayo. Wannan ladabi ne, ba fariya ba.

Na matse hannun hagu, na murɗa. Babur ya yi gurnani yana karkarwa a ƙarƙashina kamar ragon da aka riƙe wa ƙaho. Na ce a raina, ashe ɗan banzan nan yana da murya. Na ƙara murɗawa har ƙarshe. Duk filin ya juyo. Shugaba ta sauke tabarau ta dube ni.

To mutum ya haɗa ido da babba ya ƙi gaisuwa? Hannun dama yana kan totur. Sai na ɗaga na hagu.

"Ranki ya da..."

Sauran gaisuwar a baya na bar ta. Babur ya ɗaga hanci ya zabura. Ƙullin labule ya kwance, teku da jirgin ruwa suka baje a bayana suna kaɗawa, tawul ɗin mai aski a sama. Na taka birkin ƙafa, na tuna ba shi, na ci gaba da takawa duk da haka, jakar fitilu ce ke amsawa, tas, tas, tas. Hannun hagu kuma ya ƙi komawa wurinsa, domin a saninsa kuloci ne a can, kuma kuloci ba ya tsayar da kowa. Haka na ratsa gaban malamai ina ɗaga musu hannu kamar baƙon da aka gayyato buɗe taro. Laimar haske ta buɗe da kanta a cinyata. Malamin lissafi ya ɗage ƙafafunsa sama da kujera. Malamin wasanni, shi da ya saba, sai ya busa usur.

Na nufi gola ba mai tsaron gida.

Sandar bayana ta daki ƙarfen sama, ƙwam! Babur ya fice ta ƙarƙashina, ya tsaga gindin raga, ya je ya kwanta a ciyawa tayarsa tana juyawa. Ni kuwa sandar ta saƙale, na yi lilo na juyo, raga ta zubo ta naɗe ni. Na tsinci kaina a rataye, ƙafafu ba sa taɓa ƙasa, ina fuskantar 'yan ajin ƙarshe gaba ɗayansu. Hulata ta tafi nata wuri.

Filin ya yi tsit. A cikin shirun nan aka kaɗa ƙararrawa.

Na tattara sauran numfashina na ce, "Ranki ya daɗe, a shaida. Ina cikin fili."

Wata yarinya a layin gaba ce ta fara. Sai benci na baya ya ɗauka, sai malamai. Wasu suka riƙe ciki, wasu suka dafa kafaɗar juna. Sannan na ga abin da ba mai hoton da ya taɓa gani: Shugaba ta jefa kai baya, tabarau a hannu, haƙora a waje har na ƙarshe. Ashe har wushirya gare ta.

Jama'a, a rataye nake, amma ni mai hoto ne. Haske yana bayana, fuskoki duk suna kallona, ba wanda ya runtse ido. Na zura hannu ta ramin raga, na ɗaga kyamara, na danna.

Mai aski ne ya sauko da ni. Ya biyo tawul ɗinsa a kan baƙin babur, Maman yara a baya zaune daram kamar a falo. Ya sa almakashinsa ya yanka ɗankwalin, na faɗo. Maman yara ba ta ce mini sannu ba sai da ta je ta duba ɗan roba-roba. Gefensa ɗaya ya koma kamar an goge shi da dutse.

Ta dawo da makullinsa a hannu. "Dillali ba zai karɓa ba. Ya zama nawa."

A gaban mutane ta tashe shi, ta murɗa a hankali, ta zagaya fili ta dawo ta tsaya a gabana ba ko tangaɗi.

Na ce, "Wa ya koya miki?"

Ta ce, "Ni ban taɓa sanin kuloci ba, balle in neme shi."

Kafin azahar hoton Mai Jirgi ya gama zaga wayoyin unguwa. Daga sama ya ɗauka, kuma abin da ya fi fitowa a ciki, fiye da teku, fiye da raga, shi ne tsakiyar kaina yana ƙyalli. Sirrin da ni da hulata da mai aski kaɗai muka sani. Na tare Mai Jirgi da maganar, ya ce, "Ni ban faɗa ba, Darakta. Jirgi ne ya faɗa."

Ran da zan kai hotuna, a bayan mai aski na je, da kayana a kan kariyarsa. Duk hanya yana tambayata ko sirdin ya yi mini, ko ya sauka ya ɗauke ni hoto a kai.

A ofis Shugaba ta shimfiɗa hotuna biyu a tebur. Na Mai Jirgi ƙoƙon kawunan yara ne kawai. Nawa ya ɗan karkace, kuma zaren raga ya ratsa kusurwa ɗaya, amma kowace fuska a buɗe take tana dariya. Ta daɗe tana kallon kanta a ciki.

Ta ce, "Iyaye sun gani. Sun ce ba a taɓa yin hoton da yaransu suka fito da rai kamar wannan ba. Aikin naka ne."

Da na yi godiya na tashi, da shi ke nan. Amma Mai Jirgi yana tsaye a bakin ƙofa, kuma mai aski yana leƙe ta taga.

Na gyara zama na ce, "Ranki ya daɗe, ai dabara ce ta sana'a. Yaro ba ya dariya don an ce ya yi. Duk abin da kika gani, tun daga tawul har raga, a tsare yake. Irin wannan ba a koyon sa da jirgi."

Ta mayar da tabarau ta dube ni. "A tsare yake?"

"Tsaf."

"Madalla. 'Yan aji na ƙasa sun zo sun same ni, sun ce su ma irinsa suke so, na ce musu hatsari ne, ba a maimaita shi. Tunda a tsare yake, bari in kira malamin wasanni." Ta leƙa ta taga ta ɗaga murya. "Malam! A ɗinke ragar nan da kyau, baɗi ma ta nan zai shigo."